Wayarka ta ce akwai bairos: karanta wannan kafin ka goge ko ka kashe Play Protect

Yau ba maganar canjin sikirin ko bakin caji na kawo muku ba. Magana ce a kan gargaɗin nan da ke faɗo maka a fuskar waya, wani lokaci da jan rubutu, wani lokaci har da girgiza, yana cewa wata manhaja tana da haɗari ko kuma wayarka ta kamu da bairos. Ni gyaran waya nake yi a Kakuri, kuma in ka cire fashewar sikirin da matsalar caji, ba abin da ya kai wannan kawo min mutane shago. Daga Makera, daga Nasarawa, daga Television, har daga Sabon Tasha mutum zai biya kuɗin keke ya zo, ya miƙo waya yana cewa, "Injiniya duba min, wai an ce akwai bairos."

Masu zuwan nan kashi biyu ne. Akwai wanda ya firgita, kafin ya iso ya riga ya goge manhajar, wani ma ya yi wa wayar fomatin gaba ɗaya, hotunan biki da lambobin mutane duk sun tafi. Akwai kuma mai kunnen ƙashi, wanda wani abokinsa ya taɓa ce masa ai duk ƙarya ne, don haka ya shiga ya kashe abin da ke yin gargaɗin kowa ya huta. Dukansu asara suke yi, amma ta na biyun ta fi zafi, domin na farko hoto ya rasa, na biyu kuwa ƙofar asusun bankinsa ya bari a buɗe.

Bari mu fara sallamar wanda bai ma cancanci a kira shi gargaɗi ba. Kana cikin neman fim ko sakamakon wasan ƙwallo a burauza, sai wani shafi ya buɗe da kansa: wayarka ta kamu da bairos kaza, batirinka na dab da lalacewa, saura minti biyu, danna nan. Har sunan wayar taka zai rubuta, Tecno kaza ko Infinix kaza, kuma abin da ke sa mutane gaskatawa ke nan. To ka sani sunan waya ba wani sirri ba ne, burauzarka ce ke iya faɗa wa shafin irin na'urar da ke hannunka. Shafin intanet ba shi da ikon kutsawa cikin wayarka ya bincika manhajojinka. Wannan ɓarawo ne ya sa kakin mai gadi. Ka rufe shafin kawai. In kuma saƙon na ci gaba da saukowa ta saman sikirin ko da ba ka buɗe burauza ba, to wata rana ka taɓa danna "Allow" a wani shafi ba ka lura ba. Ka buɗe Chrome, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga "Settings", sai "Site settings", sai "Notifications", ka toshe duk shafin da ba ka gane shi ba. Shikenan. Haka ma jan lambar da manhajojin share waya ke nuna maka, wai shara ta taru kaza: ragowar fayil ne, ba cuta ba ce.

Wanda nake so mu zauna a kansa shi ne mai gadin gaske. A wayoyin Android sunansa Play Protect, Google ta fito da shi a 2017, yana cikin Play Store. Wasu wayoyin kuma suna zuwa da nasu antibairos ɗin daga kamfani. Waɗannan ba 'yan damfara ba ne, aikinsu suke yi, amma duk da haka wani lokaci sukan nuna mai gaskiya su ce ɓarawo ne. In ka gane dalilin da ya sa haka ke faruwa, rabin tsoron ya tafi.

A sana'armu gwaji iri biyu ne. Akwai wanda ake yi wa bod ɗin waya a kashe: ka cire batir, ka ɗauko mita, ka sa ta a inda take ƙara in wuri biyu sun haɗe, ka bi kafasito ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wanda za ka jona bod ɗin da injin ba da wuta, ka kunna, ka ga yawan wutar da yake ja da inda ke ɗaukar zafi. Gwajin farko yana da sauri kuma ba ya ƙona komai, amma yana da wani hali. Layukan da ke kai wuta ga ƙwaƙwalwar waya, wato CPU, dama can mita na iya yin ƙara a kansu alhali lafiyarsu lau, haka aka yi su. Yaron da ya fara koyon aiki, da ya ji ƙara sai ya ce shot ne, ya ɗauki bulowa ya fara cire kafasito masu lafiya. Mita ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ce ta auna shi ta auna. Fassara ƙarar aikin mai gyara ne: ya ɗauko wani bod irinsa mai lafiya ya gwada, ko ya duba zanen wayar.

To masu binciken manhaja ma haka suke. Babban ɓangaren aikinsu shi ne binciken manhaja a kwance, ba tare da an kunna ta ba. Za su buɗe fayil ɗin APK, su karanta umarnin da aka rubuta a ciki, su duba izinin da take nema, su kwatanta ta da kamannin miyagun manhajojin da aka riga aka kama. Suna ganin abin da manhaja za ta iya yi, amma ba sa ganin niyyar wanda ya rubuta ta. Kamar mai gadin ƙofar kasuwa ne da ke laluben buhu: ya taɓa wuƙa a buhun mahauci, ya taɓa wuƙa a buhun ɗan daba, a hannunsa duk wuƙa ce. In aka ce ya tsananta, mahauta za su sha tsaiwa a ƙofa. In aka ce ya sassauta, wata rana ɗan daba zai wuce. Ba yadda za a saita shi ya kuɓuta daga duka biyun, kuma kamfanoni sun gwammace a tsayar da mahauci goma da a bar ɗan daba ɗaya ya shige.

Dabarar ma ta girmi wayar hannu. A 1978 wani mai suna Stephen Johnson a Bell Labs ta Amurka ya rubuta wata manhaja da ke karanta rubutun masu shirya manhaja tana nuna musu wuraren da take zargin akwai kuskure. Ya sa mata suna lint, wato burbushin zaren nan da ke maƙalewa a jikin tufafi. Mu 'yan Kakuri da iyayenmu suka yi aiki a masaƙu irin su KTL da UNTL kafin a rufe su ba sai an yi mana bayanin wannan burbushin ba. Abin lura shi ne, tun a wancan lokacin mutumin ya san manhajar tasa za ta riƙa tsegumi a inda babu laifi, don haka ya tanadi wata alama da mai rubutu zai sa a daidai wurin, ya ce mata nan kam na sani, yi shiru. A wurin kaɗai za ta yi shiru, ta ci gaba da duba sauran. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kar ka ɗauka ƙananan manhajoji kaɗai ake yi wa ƙage. A ƙarshen Oktoban 2023 masu wayar Huawei da wasu masu Honor da Vivo sun wayi gari wayarsu na ce musu manhajar Google, ita kanta Google ɗin, mugun bairos ne mai suna TrojanSMS-PA, wai tana iya tura saƙo a ɓoye, a goge ta. Daga baya kamfanin Avast, wanda injinsa ne ke yin binciken a cikin waɗannan wayoyi, ya fito ya ce kuskure ne daga wajensa, cikin 'yan kwanaki aka gyara. Wanda ya yi haƙuri bai rasa komai ba. A shekarar dai, Play Protect da kansa ya nuna wasu manhajojin Samsung da ke zuwa da waya, har da ta tura saƙo, ya ce masu haɗari ne, shi ma aka gyara. Can baya a Afrilun 2010 kuwa, antibairos ɗin McAfee ya kama wani fayil na Windows XP wanda kwamfuta ba ta aiki sai da shi, kwamfutoci masu yawa a ofisoshi suka dinga mutuwa suna tashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, su ma injinan nan haka aka horar da su.

Yanzu ga irin wanda ke faruwa a nan gida. Ina da aboki mai karatun kwamfuta, ƙanwarsa na da shagon kayan masarufi a Barnawa. Rabin cinikinta tiransifa ne, da yamma sai ta zauna tana bin alat ɗaya bayan ɗaya tana lissafi. Sai ya haɗa mata wata 'yar manhaja da za ta riƙa karanta saƙonnin alat tana tara jimillar cinikin yini. Ya tura mata ta WhatsApp, ta danna, Play Protect ya ce atafau ba za ta hau ba. Ta kira shi ta ce, "Yaya, abin naka fa ya ƙi hawa." Suka zo wajena tare, ya ce, "Abokina kashe mata Play Protect ɗin nan kawai, ni na rubuta abin nan da hannuna, ba komai a ciki."

Gaskiyarsa ne, ba komai a ciki. Amma ga abin da ya faru. Tun 2024 Google ta fara wani tsari, ta soma da Singafo, daga baya ta kai shi wasu ƙasashe har da Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu da Indiya. Duk manhajar da aka sauke daga burauza ko manhajar hira ko ma'ajiyar fayil, ba daga Play Store ba, in tana neman ɗaya daga cikin wasu izini huɗu, to za a tare ta. Izinin karɓar saƙon tes, izinin karanta shi, izinin leƙa sanarwar da ke saukowa ta saman sikirin, da izinin nan da aka yi don taimakon makafi da masu buƙata ta musamman, wanda ke ba manhaja damar ganin duk abin da ke kan sikirin har ta danna da kanta. Dalili a fili yake: ta nan ake satar lambar OTP da banki ke turo maka. Manhajar abokina na neman karanta tes, kuma ta WhatsApp ta zo. Mahauci ne da wuƙarsa, ya kuma biyo ta ƙofar da ɓarayi suka saba bi.

A wayar yarinyar nan akwai manhajar banki, akwai ta POS, jarinta gaba ɗaya a ciki yake. In na kashe mata mai gadi saboda manhaja ɗaya, gobe wani ya turo mata fayil a gurup ya ce katin gayyatar biki ne ko fom ɗin tallafin gwamnati, wa zai tare? Muna cikin wannan musu ya buɗe kwamfutarsa zai nuna min cewa aikinsa tsaf yake, sai na ga wani dogon jerin rubutu da alamar ruwan ɗorawa a gefe. Na ce wannan fa? Ya ce ai lint ne na Android Studio, inda ake haɗa manhajojin Android, kullum cikin ƙorafi yake. Na ce to me ya hana ka kashe shi? Ya ce haba, ai ba a haka. Kowane ƙorafi sai ka karanta shi. In gaskiya ne ka gyara. In ka tabbata ba laifi, sai ka sa alama a wannan layin kaɗai, ka rubuta dalilinka a gefe don wanda zai zo bayanka. In ka kashe shi gaba ɗaya, ranar da ya ga kuskuren gaske ba wanda zai faɗa maka. Na ce masa, "To malam, kai ba ka kashe naka mai gadin ba, na ƙanwarka kake so in kashe?" Dariya kawai ya yi. Ƙarshe dai ya koma ya cire izinin karanta tes ɗin, ya mayar da ita ta yadda za ta riƙa shigar da kuɗin da hannu manhajar na tarawa. Ya sake turowa, Play Protect ya nemi ya bincika ta saboda bai taɓa ganinta ba, ya bincika, ta hau. Ba ta kai ta farko daɗin aiki ba, wannan gaskiya ne, amma tana lissafin.

Mai haɗa manhaja da ya tabbata an zalunce shi ma yana da hanya: Google na da fom na ɗaukaka ƙara a kan hukuncin Play Protect, kamfanonin antibairos ma kusan duka suna da inda ake tura musu fayil a ce ku sake dubawa. Aikin mai manhaja ne wannan. Duk wanda ya turo maka manhaja ya haɗa da cewa ka fara kashe Play Protect kafin ka ɗora, to ya ɗora maka nauyin da shi ya kamata ya ɗauka, in ma har mai gaskiya ne. Abin ya kai Google ta sa ba a iya kashe Play Protect a lokacin da mutum ke kan kira, saboda 'yan damfara kan kira mutum ne su riƙa gaya masa danna nan, kashe can.

Abin da ya fi damuna shi ne labarin gargaɗin ƙarya ya zama mafakar masu kare abin da ba shi da kariya. GB WhatsApp da 'yan uwansa su ne kan gaba. Mutum zai ce min ai shekara uku yana amfani da shi ba abin da ya same shi, Google ce kawai ke baƙin ciki. To a Agustan 2021 masu bincike na Kaspersky sun sami bairos ɗin Triada a cikin FMWhatsApp, yana iya sauko da wasu miyagun manhajojin, yana iya yi wa mutum rajistar abubuwan da ke cin kuɗi bai sani ba. Ba wai kowane kwafi ne ke ɗauke da shi ba, matsalar ita ce ba ka san wa ya taɓa wanda ke hannunka ba kafin ya iso ka ta Xender. Ga kuma WhatsApp da kansu suna rufe layin masu amfani da irin waɗannan. Haka manhajojin bashi masu kwashe lambobin wayarka su bi danginka da saƙon cin mutunci. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ta hana manhajojin bashi na Play Store taɓa lambobin mutane da hotunansu, don haka in aka turo maka ta bashi ta bayan fage tana neman waɗannan, waya kuma ta yi gargaɗi, ruwa ba ya tsami banza.

Kuma kar ka ce ai da ita wayar ta zo, don haka dole ƙarya ne. Mafi yawan lokuta haka ne, kamar na Huawei da Samsung da na faɗa, amma ba kullum ba. A 2020 masu binciken Secure-D sun ba da rahoton cewa wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Masar sun fito da Triada a cikinsu tun daga kwali. Kamfanin Transsion ya ce daga wani mai kawo musu kaya matsalar ta fito, kuma sun fitar da gyara. Irin wannan, gogewa da fomatin ba sa fitar da shi, sai sabuntawa daga kamfani ko a sake yi wa wayar fulashin da fayil mai tsabta.

Tunda na ambaci fulashin, bari in taɓa namu gidan, ko da wasu abokan sana'a za su ji haushi. Ka zagaya shagunan gyara daga nan Kakuri, ka tsallaka gada zuwa cikin gari, har Farm Centre ta Kano, za ka tarar kwamfutoci da yawa antibairos ɗinsu a kashe yake shekara da shekaru. Dalilin da ake bayarwa shi ne yana cinye kayan aiki. Akwai ƙamshin gaskiya: kayan fulashin da na cire makulli suna shiga can ƙasan waya, wasu kuma an nannaɗe rubutunsu don kar a kwafa, duk abubuwan da mai binciken kwance ke zargi ke nan. Amma SP Flash Tool na wayoyin MediaTek ko Odin na Samsung da ka samo daga tushe mai kyau daban, kirak ɗin da aka fasa aka watsa a Telegram daban. Wanda ya iya fasa manhaja ya cire mata makulli, ya iya cusa nasa abin a ciki. Kuma a wannan kwamfutar ake jona wayar kwastoma, da hotunansa da komai nasa. Windows kuwa ta tanadi irin alamar nan ta mutumin lint. Ka shiga "Windows Security", ɓangaren kariya daga bairos, ka nemi "Exclusions", ka sa folda ɗaya tak da kayan aikinka da ka tantance suke ciki. Sauran kwamfutar na nan ƙarƙashin gadi. Ni tawa ta fulashin ba na buɗe imel ko banki a kanta ma sam. Garin neman gira ake rasa ido.

To in gargaɗi ya fito maka, ya za ka yi? Abu na farko, kar ka danna komai cikin gaggawa, ka ɗauki hoton sikirin. Ka duba wa ke maganar: shafin burauza ne, ko Play Protect, ko antibairos ɗin waya. Don ka tabbatar, ka buɗe Play Store da kanka, ka taɓa hotonka da ke sama, ka shiga Play Protect, ka danna "Scan". In maganarsa ce za ka tarar da ita a can.

Daga nan tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce daga ina manhajar ta zo. In da ita wayar ta zo ko daga Play Store ka sauke ta, ta kamfani sananne ce, ka daɗe da ita, kuma yau kwatsam aka ce bairos ce, to zargin kuskure ya fi ƙarfi. Ka sabunta ta, ka sabunta mai binciken, ka tambayi masu irin wayarka ko su ma sun gani, ka ba shi kwana biyu. Ba sai ka goge ba, kana iya daina buɗe ta kawai kafin nan. In kuwa ta WhatsApp ko Telegram ko Xender ko wani shafi ta zo, to nauyin kawo hujja na kanta. Sai ka duba ko izinin da take nema ya dace da aikinta. Manhajar tocila da karanta tes, ina haɗinsu? Wasan yara da lambobin mutanenka fa?

In har yanzu kana kokwanto kuma fayil ɗin APK na hannunka, akwai VirusTotal. Shafi ne da wani kamfanin Sifen ya buɗe a 2004, Google ta saye shi a 2012. Za ka ɗora fayil, injinan antibairos kusan 70 su duba shi lokaci ɗaya, kyauta. Wato irin gwadawa da wani bod ɗin da na faɗa ɗazu. Karanta sakamakon ne ke buƙatar natsuwa. In ɗaya ko biyu ne suka yi ja, sunayen da suka bayar kuma na kame-kame ne irin su "Generic" ko "Heur", manyan da ka sani duk sun ce lafiya, to galibi ƙage ne. In ka ga "Riskware" ko "PUA" ko "HackTool", suna ce maka ne wuƙa ce, ko mai cika ka da talla ce, kai za ka yanke ko kana buƙatarta. In kuwa goma ko ashirin suka yi ja, ana maimaita kalma irin "Banker" ko "Spy" ko "Triada", ba sauran musu, goge ta. Don Allah kar ka ɗora takardunka na sirri ko hoton katin shaidarka a shafin nan, domin abin da aka ɗora masu bincike na iya samunsa. Manhaja kawai.

Sai dai ko duka sun yi kore, wannan ba takardar wanke kai ba ce. Binciken kwance abin da ke cikin buhu a ƙofa kawai yake gani. Akwai manhajojin da ke shigowa da buhu fanko, sai sun zauna a waya sannan su ce ana buƙatar sabuntawa, su sauko da mugun abin daga baya. Haka masu bairos ɗin banki na Anatsa suka riƙa yi da manhajojin karanta PDF, har a cikin Play Store. Shi ya sa ake son mai gadin ya kasance a kunne kullum, domin yana sake zagayawa bayan an ɗora manhaja, kuma abin da bai sani ba yau yana iya saninsa jibi.

In kuma ka riga ka ɗora abin da ka gane daga baya mugu ne, ka kashe data, ka cire shi. In ya ƙi gogewa, ka duba cikin saitin tsaro inda ake ba manhaja ikon shugabancin waya ka ƙwace ikon tukuna. Sannan ka canza lambobin sirrinka ta wata wayar daban. Bankuna da yawa na da lambar da ake dannawa a rufe asusu cikin gaggawa ko da ta wayar wani ce, ka nemi ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda.

Abu ɗaya da nake roƙonku: duk shagon da ka kai gyara, har da nawa, kafin ka bar wurin ka buɗe Play Store, ka shiga Play Protect, ka taɓa alamar saiti da ke sama, ka tabbata makunnin "Scan apps with Play Protect" a kunne yake. In a kashe ka same shi, ka tambayi mai gyaran me ya ɗora maka da sai da ya kashe, ya nuna maka manhajar da sunanta. Mai gargaɗin da ya ɗaure masa kai kuma ya ajiye hoton sikirin a ƙasa in duba masa, ya tabbata sunan manhajar da sunan bairos ɗin sun fito, ya faɗi irin wayar da inda ya samo manhajar. Amma a rufe lambar waya da alat ɗin banki kafin a turo.